Daminar da Muka Yaɓe Bangon Gabas

Ruwan da aka yi ranar Talata ya tarar da magina a jikin bangonmu. Issaka, babban ɗana, shi ya kawo su su farfashe tsohuwar filasta su yi sabuwa, su kuma cire ƙofofin katako su sa na ƙarfe. Buhunan siminti na jibge a zaure, ɗaya ya fashe yana zuba a ƙasa, ba wanda ya ko sunkuya ya kwashe. Ina zaune a baranda ina tsintar shinkafa. Da ruwan ya sauka kan wurin da suka ɓamɓare, sai ƙanshin jiƙaƙƙiyar jar ƙasa ya taso ya same ni har inda nake. Na ajiye faifan a gefe. Shekara arba'in ke nan, amma hancina bai manta ba.

Gidan nan namu na unguwar Nima a Accra na surukata ne, Mma Salamatu. Marigayi mijinta ya gina shi da ƙasa, ɗakuna a kewaye da tsakar gida, daga baya aka yi masa filastar siminti ta waje. Bayansa na kallon gabas, kuma ƙasa da shi kaɗan babbar gota take, wadda duk ruwan unguwa yake bi. Ni Adiza an kawo ni gidan ne ina matar ɗanta Seidu, magini. Sana'ata koko da ƙosai a bakin titi, a kan wani teburi na farin katako mara nauyi da ake kira wawa, wanda mahaifiyata ta ba ni.

A shekarar babbar yunwa, farkon shekarun tamanin, ruwa ya ƙi zuwa. Hadari kan haɗu ya yi baƙi, mu fito da bokitai, iska ta zo ta watsa shi. Labari ya iso daga ƙauyuka cewa wuta ta cinye gonaki. Masara ta ɓace a kasuwa. Dokunu ma, tuwon masarar nan da ake naɗewa a ganye, ba a jira ya dahu, ɗanye ake bin layi a saya, kowa ya kai gida ya dafa abinsa. Na kife tukunyar koko, na jingine teburi a bango. Seidu shi ma ya zauna, don siminti sai mai takarda ko mai hanya. A cikin shekarar muka rasa 'yata Fati, tana da wata bakwai. Nono ya ƙafe, ta kama gudawa, kwana huɗu Allah ya karɓi abinsa. Ba zan tsawaita a nan ba.

A shekarar ne kuma ƙyauren ɗakin baya ya tafi. Mai hayar ɗakin ya tattara ya koma arewa, ɗakin ya zauna babu kowa. Ƙyauren katakon odum ne, mai nauyi, sai mutum biyu suke ɗaga shi. Wani mai gini a unguwar Kanda ya gani ya so, Mma ta ba shi har da firam ɗin, ya kawo rabin buhun masara. Ranar da aka ciccire shi, Mma ta shiga ɗaki ta ja labule, ba ta fito ba sai la'asar.

Ba a daɗe ba Memuna, ƙanwar Seidu, da mijinta Mumuni suka dawo. Suna cikin waɗanda aka koro daga Legas, akwatin katako ɗaya suka iso da shi. Aka sauke su a ɗakin baya, aka rataya buhu a bakin ƙofar. Gaskiya ban yi murna da zuwansu ba. Baki biyu ne suka ƙaru a kan tukunyar da ba ta ishe mu ba. Da Memuna ta samu ciki kuwa, sai na ga ina kauce mata a tsakar gida. Ba ta yi mini komai ba. Cikin ne ba na iya kallo.

Shekara ta zagayo, damina ta dawo da ƙarfinta, azumi na biye da ita. Ruwan farko da rana tsaka ya sauka. Duk unguwa aka fito, manya da yara, ana tara bokitai ana dariya. Muna cikin haka muka ji wani ƙara daga bayan gida, kamar an kife babbar tukunya. Muka zagaya da gudu. Filastar bangon gabas ce ta saki, ta faɗo gaba ɗaya. Zafin bara ya tsattsaga ta ya raba ta da ƙasar, ruwa ya shiga tsakani ya tunkuɗo ta. Bangon ya tsaya tsirara, jajawur, ruwa na tsiyaya a jikinsa.

Ruwa na biyu ya ci gindin bangon, har hannu yana shiga zuwa wuyansa. Ta ciki kuma ruwan indararo na faɗowa daidai bakin ƙofar da babu ƙyaure, yana shiga ɗakin. Memuna na cikin wata na tara, takan zauna a kan akwati ta ɗaga ƙafafunta. Seidu ya tsuguna ya duba gindin bangon ya daɗe, sannan ya ce da mahaifiyarsa, "Mma, in aka ƙara ruwa uku irin wannan, bangon nan zai kwanta. In ya kwanta kuwa zai ja rufin ɗakinki."

"To me za a yi?"

"Siminti. Buhu huɗu kawai nake nema."

Aka ɗauki azumi yana neman buhu huɗun nan. Bayan sahur da sallar asuba sai ya kama hanya da ƙafa, don motar haya ma, wadda muke kira torotoro, ta yi wuya saboda ƙarancin mai. Yakan dawo da azahar leɓunansa sun bushe, ya ce an ce gobe. Kwana biyar yana haka.

Akwai wata tsohuwa da ke haya a ƙaramin ɗakin da ke kusa da madafa, Kaka Apoka. Daga wajen Bolga, can arewa, ta zo tun tana da ƙarfinta, ta yi dako a kasuwa, da wuyanta ya gaji ta koma sayar da itace. Ba musulma ba ce, kuma Hausarta irin tata ce, kowa "kai" ne a bakinta, mace da namiji. A rana ta shida ta fito ta tarar da mu a bayan gida muna kallon bango. Ta sa farce ta ƙwaƙule ƙasar ta murza a yatsunta.

Ta ce da Mma, "Maame, kai kana jiran siminti, ruwa ba ya jiranka. A garinmu ba namiji ke yin wannan aiki ba. Mata ne. Jan ƙasa, kashin shanu, ɓawon ɗorawa. Shi ke nan."

Seidu ya yi dariya, ba irin ta jin daɗi ba. "Kaka, ni na yi filasta a gidajen Kanda. Yanzu in shafa wa gidan ubana kashin shanu? A Accra?"

"Ban ce kai ba," in ji ta. "Na ce mata."

Mma ta dube shi, ta dubi bangon. Ta ce, "Seidu, ka ci gaba da neman simintinka. Adiza, ɗauko daro."

Haka aikin ya fara. Ƙasar a wajen Kanda muka samo ta, inda aka yi wani haƙa aka bari. Ni da mata biyu na maƙwabta muke ɗaukowa a ka, sawu uku kafin rana ta yi zafi. Mumuni, da bai ga abin kunya a ciki ba, shi ya riƙa zuwa wajen masu kiwon shanu yana cika buhu. Ɓawon ɗorawa kuwa a kasuwar Nima muka tsinto. Lokacin nan motocin arewa suna kawo ɗorawa, mutane na sayen garin su dama su sha don ya toshe ciki, ɓawon kuma a zubar. Mma ta ce ai makuba ke nan, tana jin kakanninta suna faɗa, amma ita ba ta taɓa ganin an yi ba.

Apoka ta sa muka tankaɗe ƙasar da tsohon kwando. Ta jiƙa kashin shanun a ganga ya kwana, muka tace ruwan, da shi muka kwaɓa ƙasar. Da ƙafa ake kwaɓawa. Ka ɗaure zane a gwiwa ka shiga, ka yi ta takawa har ta yi danƙo ta fara riƙe diddige. Ga azumi, ga cikin da dama bai cika da sahur ba, sai ɗan gari da aka jiƙa ko ragowar tuwon jiya. Rana in ta fito bayan ruwa a Accra, zafinta na daban ne. Ƙasa na fitar da tururi, gota na tashi da wari, gumi na zuba a ido. Wani lokaci sai in ga bangon yana juyawa, in dafa kafaɗar wadda ke kusa da ni har jirin ya wuce.

Ita Apoka ba azumi take yi ba, amma tunda muka fara aikin ban taɓa ganin ta kai ruwa baki a gabanmu ba. Na ce mata, "Kaka, ki shiga ki sha mana, ba a ɗora miki ba."

Ta ce, "Kai ka yi aikinka. Ni na san cikina."

Gindin bangon muka fara cikewa, da duwatsu da gutsattsarin tsohuwar filastar da ta faɗi, muka yi masa ɗan dakali don ruwa ya riƙa zamewa. Sannan yaɓe. A yayyafa wa bango ruwa, a dunƙula ƙasa a maka da ƙarfi, a bi da tafin hannu. In ta ɗan sha iska a bi da dutse mai santsi, a yi ta gogawa har wurin ya fara sheƙi. Apoka na bayanmu tana dubawa. In ta ga inda bai kama ba sai ta sa yatsa ta ɓamɓare, ta ce a sake. Na ji haushinta ba sau ɗaya ba. Ɓawon ɗorawar kuma da itacenta na sayarwa ta dafa shi, ya yi ja kamar shayi mai kauri, aka riƙa yayyafawa da tsintsiya.

Idonmu ɗaya a bango, ɗaya a sama. Da hadari ya taso sai a ruga a jingina tsofaffin kwanon rufi da tabarmi a rufe inda aka yi. Sau ɗaya ya riga mu, ya wanke aikin kwana biyu a gaban idonmu. Na zauna a kan dutse na yi kuka, ba don bangon kaɗai ba. Memuna ce ta fito da cikinta, ta tsaya a kaina da laima. Ban ɗaga kai ba. Washegari na tarar ta zauna a kan kujera 'yar tsuguno tana tankaɗe ƙasa. Mma ta hana ta, ta ce, "Mma, a bayan bangon nan zan haihu. Ki bar ni."

Seidu ya daina fita neman siminti a kwana na goma. Bai ce ya daina ba. Da safe kawai ya zagayo ya tsaya yana kallonmu, ya shafa inda ya bushe da hannunsa, ya ƙwanƙwasa da yatsa. Ya ce, "Kusurwar nan ta karkace." Ya shiga ɗaki ya ɗauko igiyarsa ta awo da cokalin gini, ya gyara kusurwar. Apoka ta yi kamar ba ta gan shi ba.

Da yamma muna jiran shan ruwa ya ce, "Bango zai tsaya. Saura ƙofa. Ba za a kwantar da jariri a ɗakin da iska da ruwa ke shiga ba. Firam zan iya haɗawa da ƙafafun tsohon gadon Baba. Ƙyauren ne ban da katako."

Na san abin da ke jingine a bayana, kowa ma ya sani, amma ba wanda ya kalli wajen. Teburin nan shi ne abin da nake kallo kullum in ce wata rana masara za ta dawo, in koma bakin titi. Aka kira sallah, muka sha ruwa, aka raba ɗan kokon da aka dama tsululu. Sai da na shanye nawa sannan na ce, "Ka ɗauki teburin."

Seidu ya ce, "Adiza, na mahaifiyarki ne."

"Na sani. Ka ɗauka kafin in sake tunani."

Shi magini ne, ba kafinta ba, amma ya yi iya ƙoƙarinsa. Ya zare ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya, ya miƙar da su a kan dutse da guduma, don sabuwar ƙusa ba a ganinta. Saman teburin bai kai tsawon ƙofa ba, sai aka cika da murfin akwatin Mumuni. Hinjin akwatin, ƙarafan nan da murfi ke juyawa a kai, su aka sa wa ƙyauren. Ya kafa firam ɗin a cikin bangon ƙasa da turaku, muka cike gefensa da irin kwaɓinmu. Ya auna ƙyauren ya zauna cif, ko iska ba ta samun hanya. Ya buɗe ya rufe, ya buɗe ya rufe, yana murmushi. Rabon da in ga haƙoransa tun kafin rasuwar Fati. Har lokacin ana ganin zagayen baƙin da gindin tukunyar koko ya bari a tsakiyar ƙyauren.

Ana saura kwana huɗu sallah aka tashi da ruwa tun safe, irin wanda ba ya tsayawa. Kwana biyu dama ana yayyafi. Wajen hantsi Memuna ta kira ni daga ɗaki. Na shiga da gudu na tura ƙyauren da ƙarfi saboda feshin ruwa. Na tarar da ita durƙushe ta riƙe ƙafar gado. Na juya in kira Mma, na ja ƙyauren, ya ƙi. Na sake ja da hannu biyu. Katakon wawa ya sha danshi ya kumbura, ya cije a cikin firam kamar an buga shi da ƙusa.

Na yi ihu, suka taru a waje. Mumuni ya ce a bari ya doke shi da kafaɗa. Na ji muryar Seidu yana cewa, "Kada ka taɓa! Ƙasar da ke riƙe da firam ɗin ba ta gama bushewa ba. In ka doka, saman ƙofar zai rufto musu." Ya ce zai rage gefen da wuƙa ta waje, a hankali. Mumuni ya fita neman ungozoma a unguwar Maamobi, amma gota ta cika ta shafe gadar katakon da ake bi.

Tagar ɗakin ƙarama ce, da sandunan ƙarfe, kai ma ba ya shiga. Ta nan Mma da Apoka suka leƙo, ruwa na dukan bayansu. Na ce, "Mma, ban taɓa karɓar haihuwa ba."

Ta ce, "Kin taɓa haihuwa. Ki wanke hannunki da ruwan butar nan. Ki ji abin da nake gaya miki."

Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka ba. Abin da nake tunawa shi ne ƙarar ruwa a kan kwano, har sai Mma ta ɗaga murya kafin in ji ta, da ƙarar wuƙar Seidu yana kankarar katako kaɗan-kaɗan. Memuna ta riƙe wuyana tana kiran sunan Allah. Ta bayanmu kuma iska na watsa ruwa a bangon gabas. Nakan kai hannu in taɓa shi ta ciki, in ji ko ya jiƙe. A bushe yake. Apoka ta gan ni ta taga ta ce, "Ka bar bango. Bango ya san aikinsa. Kai ka duba yarinya."

Kafin la'asar jaririn ya faɗo a hannuna, namiji, santsi kamar kifi. Bai yi kuka ba. Mma ta ce in kife shi in share bakinsa in shafa bayansa. Na yi, na sake yi, ina cewa, "Ka yi mana, don Allah ka yi mana." Sai ya yi tari, ya ware baki. Na ji wuƙar Seidu ta tsaya.

"Adiza! Me aka samu?"

Na naɗe yaron da zanena na rungume shi a ƙirji, ina jin ɗuminsa, ban miƙa wa uwarsa ba sai da ta miƙo hannu da kanta. Kafin nan ta ce, "Yaya, ki riƙe shi tukuna." Ranar ce ta fara kirana Yaya.

Daf da magariba ƙyauren ya buɗe. Seidu ya yanke a yatsa biyu. Bayan kwana uku da rana ta fito, ya cire ƙyauren ya rage gefensa sosai, ya shafa masa baƙin mai na mota. Ya ce shi dai daga ranar ya san katako yana buƙatar wurin numfashi.

Bangon ya ga ƙarshen daminar. A wannan shekarar gidaje da dama sun zube a gefen gota, namu ko tsagewa bai yi ba. Matan layinmu suka riƙa zuwa suna tambayar yadda aka yi, Apoka ta bi su gida-gida tana nuna musu. Da kaka ta yi masara ta dawo kasuwa, na koma sayar da koko a kan wani benci da Mumuni ya haɗa mini. Siminti kuwa sai bayan shekara shida muka samu halin sa, kuma duk shekarun nan, kafin damina, ni nake tara mata mu sake bin bangon.

Apoka ba ta ga wannan ba. Da ranin da ya biyo bayan daminar nan ya shigo ta ce ƙafafunta sun gaji da Accra, gida take so ta mutu. Ni da Memuna muka raka ta tasha, Memuna da yaro a goye, ni da ƙunshin kayanta a ka. Duk abin da ta tara a shekarun da ta yi a gari bai wuce wannan ƙunshin ba. Mma ta aiko mata da turmin atamfa da ta ɓoye tun kafin yunwa, ta karɓa ta ɗora a cinya. Da mota ta tashi sai ta leƙo ta tsakanin katakan bodi, ta kira ni da hannu. Na matsa ina zaton addu'a za ta yi mini, ko sallahu ga Mma.

Ta ce, "Adiza, kafin ruwa ya zo, ka fara duba gindin bango. Daga ƙasa yake ci."

Na ce to, Kaka. Motar ta ja. Ba mu san sunan ƙauyensu ba, kuma ba mu sake jin labarinta ba.